Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin ruwa: kafin ku danƙa zane da gini a hannu ɗaya, ku duba yadda aka jera tawagar

Zuwa ga shugabannin hukumomin samar da ruwan sha da na tace ruwan ƙazanta, da mambobin kwamitocinsu na ba da kwangila.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni injiniyan tace ruwa ne, kuma akasarin aikina ya tafi ne a cikin matatun da wasu suka zana, wasu suka gina, sannan aka miƙo mana mu tayar. Na rubuto ne a kan tsarin da hukumomi da yawa suka koma wa, na ba kamfani guda kwangilar zane da gini gaba ɗaya. Ina goyon bayan tsarin. Goyon bayan ne ma ya sa nake so in ja hankalinku ga abin da ke ruguza shi, wato yadda ake jera mutanen da za su yi aikin: wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ke da bakin cewa a'a kuma a saurare shi.

Kowa ya san abin da ya gajiyar da ku a tsohon tsari. Ku ɗauki kamfanin injiniyoyi ya zana, ku fitar da tanda, mai sauƙin farashi ya gina. Ranar da abu ya lalace, mai zane ya ce magini ne ya yi ha'inci, magini ya ce abin da aka zana masa ya bi, ku kuna tsakiya kuna biyan lauyoyi. Rigimar ta tsufa. A 1918 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan kwangila mai suna Spearin, wanda gwamnati ta ba aikin gina wurin gyaran jiragen ruwa a Brooklyn. Cikin aikin akwai karkatar da wata magudanar ƙazanta, ya kuwa karkatar da ita daidai yadda zanen gwamnati ya ce. Aka yi ruwan sama mai ƙarfi, magudanar ta fashe, ramin aikin ya cika da ruwa. Da aka bincika sai aka tarar da wani shinge a cikin wata magudanar da ke haɗe da ita, wanda babu shi a zanen da aka ba shi. Kotu ta ce wanda ya ba da zane ya ce a bi, shi ke da alhakin ingancin zanen. Ma'ana, a tsohon tsari duk kuskuren zane a wuyanku yake faɗawa. Shi ya sa zane da gini a hannu ɗaya yake da daɗin ji: sa hannu ɗaya, mutum ɗaya da za a kama. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta fitar da samfurin kwangila na wannan tsari a 1999, wanda ake kira mai ruwan ɗorawa saboda launin bangonsa, ta kuma sabunta shi a 2017.

Sai dai giɓin da ke tsakanin mai zane da magini bai ɓace ba don kun haɗa su a takarda ɗaya. Ya koma cikin gidan ɗan kwangila ne, inda idonku ba ya kaiwa.

Tawagar takan zo muku a siffofi kaɗan. Wani lokaci kamfani ɗaya ne mai injiniyoyinsa da maginansa. Wani lokaci kamfanin zane da na gini ne suka haɗa gwiwa, riba da asara a tsakaninsu. Akwai inda mai zane ke jan ragama, amma ba kasafai ba, domin kamfanonin zane ba su cika samun jarin da banki ko inshora za su tsaya musu a kan babban aiki ba. Wadda ta fi yawa ita ce magini ya zama uban tafiya, mai zane ya zama ƙaramin ɗan kwangila a ƙarƙashinsa. A kan wannan nake so in ɗan tsaya, domin da ita za ku fi cin karo.

A tsohon tsari mai zane naku ne. Ku kuke biyansa, in ya ga abin da bai kwanta masa ba ofishinku yake nufa. Yanzu mai biyansa shi ne mutumin da kowane ƙarin rodi da kowane ƙarin famfo ke fita daga ribarsa. Ga yadda abin ke tafiya. Lokacin tanda a ce wa mai zane ya yi zane mai sauƙi cikin 'yan makonni, gwargwadon abin da za a iya sa wa farashi. A sa farashin, a ci kwangila, farashi ya tsaya cak. Sai an zauna lissafin gaske ne injiniya zai gano cewa dogon bututun nan yana buƙatar tankin da zai shanye bugun ruwa idan wuta ta ɗauke farat ɗaya famfuna suka tsaya, ko kuwa tankin kwantar da laka ya yi ƙanƙanta ga ruwan damina. Ya kai wa manajan aiki, manaja ya tambaye shi abu ɗaya: a wane shafi na kwangila aka ce dole ne? In bai iya nuna shafin ba, magana ta mutu a nan, kuma ku ba za ku taɓa jin an yi ta ba. Ban ce akwai mugu a cikinsu ba. Manajan yana kare kamfaninsa, injiniyan yana tsoron rasa aiki na gaba. Haka aka jera su, kuma ku ne kuka amince da jerin ranar da kuka sa hannu ba tare da kun duba shi ba.

Maganinsa ba ya cin kuɗi mai yawa. Ku nemi a kawo muku yarjejeniyar da ke tsakanin magini da mai zane tare da takardun tanda, ku karanta ta. Ku duba ko an ware kuɗi don abin da cikakken zane zai fito da shi daga baya, ko kuwa an ɗora wa mai zane asarar duk wani ƙari. Ku duba ko an biya shi ya zauna har ranar da ruwa zai fita, domin abin da aka fi saurin yankewa idan ana rage farashi shi ne kasancewar injiniyan zane a filin gini. Ku rubuta a kwangila cewa babban injiniyan zane yana da kujera a duk taron da kuke yi da ɗan kwangila, kuma yana da ikon rubuto muku kai tsaye a kan duk abin da ya shafi lafiyar jama'a ko ingancin ruwa, ba tare da an hukunta shi ba. Kamfanin kirki ba zai ƙi wannan sharaɗi ba.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne, matatar ruwa ba kamar sauran gine-gine take ba. Makaranta ko ofis, in bango ya tsaya, rufi bai yoyo, aiki ya kammala. Ku abin da kuke saye shi ne ruwan da ke fita daga ƙarshen bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce don kulorin ya yi aikinsa, ya kamata ragowarsa ta kai aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, yana ƙasa da 8, dagulewar ruwan kuma tana ƙasa da 1 a ma'aunin NTU. A ɓangaren ruwan ƙazanta, dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta sa iyakar miligiram 25 a lita na BOD, wato ma'aunin iskar da ƙwayoyin bakteriya za su cinye wajen narkar da dattin da ya rage. Kankare mai kyau ba ya kawo waɗannan alƙaluma shi kaɗai. Mai kawo su shi ne injiniyan tsarin tacewa, wanda ya san yawan alam da ruwan ke so, da tsawon lokacin da zai kwanta, da irin yashin da zai ratsa. A yawancin jadawalin tawagar da na gani, sunan wannan mutum yana can ƙasa, hawa uku ko huɗu daga manajan aiki, wani lokacin ma ma'aikacin kamfanin da ke sayar da injunan ne. In mai sayar da kaya shi ne kaɗai masanin tacewa a tawaga, to amsar kowace matsala za ta zama kayansa.

Kuma ko gwanin gwanaye ne ba zai zana abin kirki ba in bai san ruwan ba. Wannan nauyi naku ne, ranku ya daɗe. Ruwan kogi na rani daban yake da na damina, ruwan ƙazantar unguwa daban yake da wanda masana'anta ke zuba wa rini ko mai. Ku tara sakamakon gwajin ɗanyen ruwa na aƙalla shekara guda cif kafin ku fitar da tanda, ku sa shi a cikin kwangila a matsayin abin da aka yi alkawari a kansa. Inda za a yi amfani da fasahar da ba a saba da ita a irin ruwan ba, a kafa ƙaramar matatar gwaji ta yi aiki tukuna. Abin da ya faru a Tampa Bay ta jihar Florida darasi ne ga kowa. An ba da kwangilar matatar cire gishiri daga ruwan teku mai ba da galan miliyan 25 a rana, kusan lita miliyan 95, zane da gini da gudanarwa duk a hannun 'yan kasuwa. Kamfani fiye da ɗaya a cikin masu aikin ya karye a hanya. A 2003 matatar ta faɗi gwajin karɓa, domin matakin farko na share ruwan bai isa ba, matatan ciki suna ta toshewa. Sai da hukumar ta ɗauko wasu kamfanoni suka sake fasalin wannan mataki, matatar ba ta kama aiki sosai ba sai ƙarshen 2007. Alhakin yana kan ɗan kwangila a takarda, amma jama'ar hukumar ne suka yi shekaru suna jira.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, maganar ma'aikatan da za su riƙe matatar bayan kowa ya watse.

Gini shekara biyu ne ko uku. Gudanarwa shekara talatin ce ko fiye. Amma mutumin da zai kwana da injunan nan, wanda za a tasa da tsakar dare idan ƙararrawa ta buga, yawanci ba ya ganin matatar sai ranar da aka kira shi horo, ana saura 'yan makonni a miƙa. Na taɓa shiga ɗakin famfo na wata sabuwar matata, fenti ko bushewa bai gama ba. Famfuna a jere gwanin sha'awa. Wani dattijon makanike da muka shiga tare ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da ƙugiyar ɗaga kaya ke bi, ya bi shi da ido har ƙarshe, sai ya nuna famfo na ƙarshe. Ƙarfen ya ƙare kafin ya kai kansa. Duk ranar da famfon nan ya buƙaci gyara, sai an kafa ƙafafun ƙarfe an ja shi da sarƙa a ƙasa, a cikin lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa. A bango ɗaya kuma ga bawul ɗin da ake juyawa kullum, an maƙala shi sama da kan mutum, babu matakala, babu dandamali. Dattijon bai ɗauki minti biyar ba ya ga duka biyun. Da an nuna masa zanen tun yana kan kwamfuta, gyaran bai wuce matsar da layi ba. Tun ran gini tun ran zane.

Irin wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne, wani lokacin rai ne. A magudanar ƙazanta akwai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta, ta kuma kashe mutum cikin ɗan lokaci a rami marar iska. Ita ce kuma bakteriya ke juyawa ta zama asid a saman ruwa, ya cinye kankare har rodi ya fito. Duk kayan da aka zana ta yadda sai mutum ya sauka rami kafin ya gyara su, an zana haɗari ne ga wani bawan Allah. Ma'aikaci ya san wannan a jikinsa. Shi ne zai ce a sa famfon da ake jawowa sama ta kan dogo, a sa rigar kariya a jikin kankaren, a buɗe wa iska hanya.

Sai kuɗin wuta. Hanyar tace ƙazanta da aka fi amfani da ita a manyan birane, wadda Ardern da Lockett suka ɓullo da ita a Manchester a 1914, tana dogara ne da hura iska a cikin tanki don bakteriya su rayu su cinye dattin. Hura iskar nan kaɗai takan ci kusan rabin wutar matata, wani wurin ma fiye. Ɗan kwangilar da zai tafi bayan shekarar garanti ba shi da dalilin sayen injin hura iska mai tsada mai tsimin wuta, tunda takardar kuɗin wuta ba gidansa za a kai ba. In kuna so ya damu, ku sa yawan wutar da za a sha a kan kowace lita dubu ta ruwa a cikin abin da za a gwada, ku kuma auna tayin kamfanoni da kuɗin da matatar za ta ci a tsawon rayuwarta, har da sinadarai da kayan gyara da kwashe laka.

Saboda haka ina roƙonku, ku zaɓi shugaban ma'aikatan matata da babban makanike da mai kula da wuta, ku sa sunayensu a cikin tawagar tun ranar farko. Ku sauke musu wani ɓangare na aikinsu na yau da kullum, domin wanda ya kwana a bakin aiki ba zai iya karanta zane da safe ba. Ku ba su sa hannu na gaske a kan zane, yadda ba za a wuce mataki ba sai an amsa abin da suka rubuta, ko an karɓa ko an faɗi dalilin ƙi. Wasu hukumomi sukan warware wannan ta hanyar haɗa gudanarwa a cikin kwangilar. Samfurin FIDIC mai ruwan zinariya na 2008 an gina shi ne a kan gudanarwar shekara 20. Yana da amfani, domin wanda ya san shi zai riƙe abu ba ya gina shi da ha'inci. Amma ko a nan ku duba ko kamfanin gudanarwar yana da murya a lokacin zane, ko kuwa sunansa kawai aka ara don a ci tanda. Horon ma'aikata kuma kada ya zama layi ɗaya a ƙarshen kwangila. A garin Walkerton na Kanada a shekarar 2000, mutum 7 suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta, sakamakon bakteriyar E. coli a ruwan famfo, kuma binciken da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa masu kula da ruwan ba su da horon da ya kamata, ba sa kuma zuba kulorin da auna shi yadda aka tsara.

Akwai mutum biyu da kusan kullum ake kawowa a makare: mai jagorantar gwaji da tayar da matata, da mai haɗa na'urorin sarrafawa, abin da muke kira SCADA. Ana ɗaukar aikinsu na ƙarshe ne, alhali tun farko ake yanke yiwuwarsa. Ina za a zubar da ruwan gwaji da bai kai a tura wa jama'a ba? In aikin faɗaɗa tsohuwar matata ne, wane dare za a yanke bututu a haɗa sabo, kuma awa nawa gari zai iya jurewa? Na'urar da ta zo da famfo za ta iya magana da wadda ta zo da injin kulorin? Waɗannan tambayoyi ne na lokacin zane. Babban ramin ƙazanta na Tideway a London, mai tsawon kilomita 25, an raba haƙarsa ga gamayyar kamfanoni uku, yamma da tsakiya da gabas, amma aka ware kwangila ta daban ga mai haɗa na'urorin sarrafawa don tsarin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Aikinku ba sai ya kai wannan girma ba kafin ku ɗauki darasin. Kuma ku ba gwaji lokacinsa. Matatar ƙazanta abu ne mai rai. Bakteriyar da ke cire amoniya a hankali take hayayyafa, sai an yi makonni kafin ta kafu. Gwajin kwana uku a lokacin da ruwa ke da sauƙi ba ya nuna komai. Ku riƙe wani kaso na kuɗi har sai matatar ta ratsa lokacin da ruwan ya fi wuya. Na san matsin da ke kanku na a yanke ƙyalle a ranar da aka sanar, amma matatar da aka buɗe ba ta shirya ba, ku za ta dawo wa.

Game da rabon haɗari, akwai jarabar da ke kama kowace hukuma: tunda hannu ɗaya ne, a jibga masa komai. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, tsofaffin bututun da babu taswirarsu, jinkirin izini daga hukumar muhalli, canjin ɗanyen ruwa, duk a wuyansa. Abin da ke biyo baya ɗayan biyu ne. Kamfanonin da suka san aiki su ƙara farashi ko su janye, wanda bai sani ba ya karɓa, ya zo daga baya da lauyoyi ko ya karye a tsakiyar aiki. FIDIC da kanta ta yi gargaɗi cewa samfurinta mai ruwan azurfa, wanda ya fi ɗora wa ɗan kwangila nauyi, bai dace da aikin da ke da haƙa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa ba, ko inda masu tanda ba su sami lokaci da bayanan da za su bincika buƙatun mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, ba. A 2019 ma ta fitar da samfuri na musamman don ayyukan ƙarƙashin ƙasa, inda ake rubuta yanayin ƙasar da aka yi tsammani: abin da ke cikin rahoton na ɗan kwangila ne, abin da ya fi shi muni na mai aiki ne. Aikin ruwa kuwa rabinsa a binne yake.

Ku kula da kalmomin alkawari ma. Alkawarin yin aiki da ƙwarewar da ta kamata daban yake da alkawarin cewa abin zai biya buƙatar da aka gina shi dominta ko ta halin ƙaƙa. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta kama kamfanin MT Hojgaard da alhakin lalacewar tushen injunan samar da wuta da iska na Robin Rigg da ke cikin teku, duk da cewa ya bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa da aka ce ya bi, ƙa'idar ce ke da kuskuren lissafi. Dalili shi ne a cikin takardun kwangilar akwai sharaɗin cewa tushen zai yi shekara 20. Irin wannan sharaɗi yana kare mai aiki, amma inshorar da kamfanonin zane ke yi yawanci sakaci take biya, ba ta ɗaukar irin wannan alkawari. In magini ya gangara da shi kan ƙaramin kamfanin zane, kuna riƙe da alkawarin da babu kuɗi a bayansa. Ku tambaya tun wuri wa ke ɗauke da shi a cikin tawagar, kuma da me zai biya.

Ku ma 'yan tawaga ne, kuma sau da yawa ku ne kujerar da babu kowa a kai. Zane da gini yana gudu ne saboda ana haƙa tushe alhali ana ƙarasa zanen wuta, ana kuma yin odar taransifoma da manyan famfuna da wuri don sukan ɗauki watanni kafin su iso. Duk wannan yana rushewa in takarda ta kwana wata biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur. Samfurin FIDIC mai ruwan ɗorawa kwana 21 ya ba da don duba takardun zane. Ku naɗa mutum ɗaya, da sunansa, mai ikon yanke shawara har zuwa wani adadin kuɗi ba sai kwamiti ya zauna ba, ku kuma bar shi a kan aikin har ya ƙare. In ba ku da ƙwararru a gida, ku ɗauki mashawarci, amma ku ja masa kunne: aikinsa rubuta buƙatunku da tabbatar da an cika su. Mashawarcin da ya zana rabin matatar kafin tanda, ko yake sake zana ta da jan biro a kowane dubawa, ya dawo muku da alhakin da kuka biya kuɗi don ku sauke. Ku faɗi ingancin ruwan da kuke so, da yawansa, da abubuwan da ba ku sassauci a kansu, kamar famfon ko-ta-kwana da irin ƙarfen da ba ya tsatsa da na'urar da ma'aikatanku suka riga suka iya. Sauran ku bar masu aiki su nuna basirarsu.

Wajen zaɓe, ku tantance mutane, kada ku tsaya ga tambarin kamfani. Ku kira manajan aiki da injiniyan tacewa da shugaban filin gini da mai tayar da matata su zauna a gabanku, ku jefa musu matsala ta gaske, ku ga ko sun taɓa aiki tare, ku ga wa ke magana wa ke kallon ƙasa. Ku rubuta sunayensu a kwangila tare da tarar canja su ba da izininku ba, domin an sha nuna gogaggu ranar tantancewa a turo sababbin shiga ranar aiki. Ku rage masu takara zuwa uku ko makamancin haka, ku biya waɗanda suka faɗi wani abu daga kuɗin da suka kashe wajen zane, in ba haka ba masu kyau za su daina zuwa. Inda dokar ba da kwangila ta ba ku dama, kuma aikin yana da abubuwan da ba a gama sani ba, kamar gyaran tsohuwar matata, ku duba tsarin mataki biyu: a zaɓi tawaga bisa cancanta, a biya ta ta yi zane tare da ku, littafin kuɗi a buɗe, sai zane ya kai kamar kashi 60 cikin 100 a tsayar da farashin ƙoli. Sharaɗinsa shi ne ku riƙe mai ƙiyasin farashi naku na kanku, kuma zanen ya zama mallakinku, yadda in ba a daidaita ba za ku iya fita da shi ku nemi wani magini.

Ƙananan kamfanonin da ke shimfiɗa bututu da haɗa wayoyi su ma a sa sharaɗin biyansu a kan lokaci, domin su ne za ku kira gyara bayan manyan sun koma inda suka fito.

Buƙatata gare ku a aikin da ke gabanku yanzu ita ce, kafin takardun tanda su fita, ku ƙara shafi ɗaya da ke tilasta wa kowane mai nema ya kawo jadawalin tawagarsa da sunaye, da yarjejeniyarsa da mai zane, ya nuna inda injiniyan tacewa da mai tayar da matata da mai haɗa na'urori suke, da wanda kowannensu ke kai wa rahoto. Ku kuma ku haɗa da naku jadawalin, mai sunan wanda zai yanke shawara a madadinku da sunayen ma'aikatan matatar da za su sa hannu a kan zane.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora a wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
Wani injiniyan tace ruwa